Daga Kano Zuwa Guangzhou: Awa Nawa Ne Da Gaske?

Duk wanda ya ji an ce ka dawo daga Chaina, da ya gama yi maka barka da sauka da ya hanya, abin da zai biyo baya shi ne, "Wai awa nawa ne a jirgi?" In na ce goma sha huɗu da rabi ban yi ƙarya ba, domin iya abin da muka yi a sama ke nan. In na ce goma sha takwas shi ma gaskiya ne, daga tashinmu Kano zuwa saukarmu Guangzhou. Amma lissafin da jikin mutum yake yi daban ne, yana farawa ne daga lokacin da ka ja ƙofar gidanka har zuwa sa'ad da ka zube a gadon masauki, kuma wannan ya haura awa ashirin da huɗu. Mai shirin tafiya da wannan na ƙarshen ya kamata ya yi aiki, musamman in da dattijo zai tafi.

Ni da kawuna muka yi tafiyar, a farkon hunturu, daidai lokacin da ake ƙarasa babban baje kolin Canton da ake yi a birnin sau biyu a shekara tun 1957. Shi ɗan Kantin Kwari ne, harkar yadi da leshi yake yi, ya saba da hanyar, sai dai ƙafa ta fara ba shi matsala, shi ya sa aka ce in raka shi in riƙe jaka da takardu. Tun kafin mu yanki tikiti na zauna da taswira ina auna nisan, don ina son in san abin da zan shiga.

Tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da filin Baiyun na Guangzhou, in aka ja layi miƙaƙƙe, kilomita 10,900 ne da 'yan kai. Miƙaƙƙen layin nan ba irin wanda ido yake gani a shimfiɗaɗɗiyar taswira ba ne. Duniya dunƙulalliya ce, don haka hanya mafi kusa tsakanin wurare biyu ita ce wadda zare zai bi in ka ɗora shi a jikin lemo ka ja shi ya yi tsam. In aka mayar da wannan layi kan takarda sai ya fito a lanƙwashe, ya yi arewa sannan ya gangaro. Namu layin ya ratsa Chadi da Sudan, ya tsallake Bahar Maliya, ya bi tsakanin Makka da Madina, ya fi ma kusa da Madina, ya wuce ta wajen Ƙatar, sannan Pakistan da arewacin Indiya. Da akwai jirgin da ke bin sa kai tsaye, da awa goma sha uku ta ishe shi. Babu shi kuwa, kuma ba don jirage sun gaza ba. Akwai jirgin da ke tashi daga Singafo ya sauka New York, fiye da kilomita 15,000, sama da awa goma sha takwas bai taɓa ƙasa ba. Abin da ya hana mu shi ne lissafin kamfanoni: sun fi ganewa su tara fasinjojin Kano da na Legas da na Accra da na Kinshasa a cibiya ɗaya, su cika babban jirgi guda da su.

Saboda haka dole mutum ya yada zango a wani wuri. 'Yan kasuwar Kano sun fi bi ta Adis Ababa, ko Alƙahira, ko Doha. Da na auna su ukun, abin da na tarar ya ba ni mamaki: bambancin nisansu ba wani abin a zo a gani ba ne. Doha tana kusan kan miƙaƙƙen layin. Ta Alƙahira jimillar ta ɗan haura kilomita 11,000. Ta Adis kuwa, kilomita 3,300 ne daga Kano, sai kuma 8,000 daga can zuwa Guangzhou, ƙarin da ke kai bai wuce tafiyar rabin awa a jirgi ba. Ashe ba kilomita ce ke raba hanyoyin nan ba, zaman jira ne. Wani tikitin zai zaunar da kai awa uku a tsakiya, wani awa goma sha biyu, wani ma sai ka kwana. Da na kawo wa Kawu lissafina sai ya ce, "Kai dai duba mini inda ba za a shanya mu a benci ba, sauran duk ɗaya ne." Muka yanki na jirgin Habasha.

Da hantsi muka bar gida, alhali jirgin sai wajen ƙarfe biyu na rana zai tashi. Awanni huɗun nan babu su a kowane tikiti, amma suna nan: cunkoson hanya, awon kaya, duba fasfo da biza da katin rigakafin shawara, sannan zaman jiran a kira. A nan muka yi Azahar muka haɗa da La'asar, muka yi ƙasaru.

Ina zaune ina kallon filin ta gilashi, na tuna cewa a garin nan jirgin sama ya fara shahara a Najeriya. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a Kano, bayan sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira tun 27 ga Oktoba, suna tafe suna yada zango a Khartum da El Fasher da Fort Lamy, wato Injamena ta yau. Kusan hanyar da alhazan ƙasa suke bi ce, sai dai su gabas suke yi, jiragen kuma yamma. Tafiyar da ta ci musu kusan mako guda, yau ba ta kai awa biyar ba. Daga baya Kano ta zama mashayar mai ga jiragen Turai masu zuwa kudancin Afirka, saboda na wancan zamani ba sa iya tsallake Sahara su zarce. Da jirage suka ƙara dogon numfashi sai suka daina buƙatar tsayawa, suka riƙa wuce mu ta sama. Abin yana taɓa ni, domin irin matsayin da Adis take riƙe da shi yanzu, Kano ta taɓa ɗana shi.

Mun tashi cikin hazo, ba a jima ba garin ya ɓace. Zangon farko awa huɗu da rabi ne. A allon da ke bayan kujera na ga ɗan hoton jirginmu ya bi ta kan Barno ya shiga Chadi, sannan maimakon ya miƙe sai ya karkata kudu. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jirage da yawa suka koma kewayewa. Wannan ma wani abu ne da ma'aunin taswira ba zai gaya maka ba. Jirgi ba ya bin inda ya ga dama, akwai tituna a sama da aka shata masa, akwai ƙasashen da ake kauce wa, akwai hadarin da ake zagayewa, kuma kowanne yana ƙara mintuna.

Agogon hannuna na kan lokacin Kano. Biyar ba ta yi ba na ga rana ta yi ja tana faɗuwa a bayanmu. A gida a wannan lokaci ko haramar Magariba ba a fara ba. Dalilin a fili yake: mu muna gudu gabas da saurin kusan kilomita 900 a awa, dare kuma yana tahowa daga gabas ɗin, sai muka yi kiciɓis da shi a hanya tun kafin ya iso Kano.

Wajen takwas da rabi na dare agogon Habasha muka sauka a filin jirgin Bole na Adis Ababa, wato shida da rabi a Kano, don sun riga mu da awa biyu. Sanyi ne ya fara yi mana maraba. Adis tana kan tudu, fiye da mita 2,300 daga doron teku, Kano kuwa ba ta kai 500 ba. Kawu ya san da haka, tun a jirgi ya fito da rigar sanyinsa. In ka yi sauri a matakala za ka ji numfashinka yana sama-sama. Jirgi ma yana jin wannan tudun: iskar wurin ba ta da kauri, inji ba ya samun cikakken ƙarfinsa, fukafukai ba sa samun abin dogara da wuri, shi ya sa jirgin da ya sha mai na tafiyar awa goma yake daɗewa yana gudu a titi kafin ya ɗaga.

Filin da daddare kasuwa ne sosai. Jiragen Afirka suna sauka da fasinja da farkon dare, na Asiya da Turai suna kwashe su da tsakar dare. Ka ji Faransanci, ka ji Yarbanci, ka ji Swahili, kuma ba ka rasa Hausa. A wurin salla, inda muka haɗa Magariba da Isha, muka gamu da wasu 'yan Maraɗi da wani mutumin Garwa, duk Guangzhou suka nufa. Alƙibla a nan arewa take, domin Makka tana kusan saitin Adis ta sama. Mu da muka tashi muna fuskantar gabas tun muna yara, sai ga shi mun ba gabas kafaɗar dama.

Wani matashi daga cikin 'yan Maraɗin, wanda zuwansa na fari ke nan, ya matso kusa da Kawu da katin shiga jirginsa. Ya ce, "Baba, don Allah duba mini. An rubuta za mu tashi sha biyun dare mu sauka uku na rana. Awa goma sha biyar ke nan za mu yi a sama?"

Kawu ya ce, "A'a ɗana, cire biyar. Kowane lokaci da ka gani a tikiti, agogon garin ne. Sun riga Habasha da awa biyar, sun riga gida da bakwai. Goma za mu yi, in Allah ya yarda."

Wannan shi ne abin da ya fi rikita mutane, kuma yana jawo asara ta gaske. Wani zai ce wa mai tarbarsa ya zo a lokacin da ba shi ba, wani zai kama ɗaki na daren da yake sama, wani kuma lokacin shan maganinsa ne zai rikice. Kawu yana shan maganin hawan jini, saboda haka na bar agogon hannuna a kan lokacin Kano har muka isa, waya kuma na bar ta ta bi garin da muke. Da agogon hannun nake ba shi magani.

Zango na biyu shi ne tafiyar. Babban jirgi ne mai hanya biyu tsakanin kujeru, cike maƙil. Na nema wa Kawu kujerar bakin hanya tun a Kano don ya samu miƙe ƙafa. Muka bi ta kan Jibuti da mashigin Adan, muka faɗa sararin Tekun Larabawa, ƙasa ta ƙare. Allon yana nuna muna sama da mita 11,000, sanyin waje ya kai 50 ƙasa da sifili. Aka ba da abinci, aka rage fitilu, mutane suka lulluɓa.

Ban yi barci ba, saboda Kawu ya riga ya gargaɗe ni a kan Asuba. Ya ce a wannan hanya ba ta jiran kowa. Haka kuwa aka yi. Awa uku da rabi kacal da tashinmu, agogon Kano yana nuna wajen ɗaya da rabi na dare, na ɗaga marufin taga na ga wani farin layi ya keto a gabanmu. Alfijir ne, a tsakiyar teku. A ƙasa mutum yana da fiye da awa guda tsakanin ketowar alfijir da fitowar rana, amma a jirgin da ya fuskanci gabas tazarar tana tsukewa ta koma kamar minti arba'in da biyar, kuma a cikinta za ka bi layin banɗaki ka yi alwala da ɗan ruwan da ba zai jiƙa wa mutane wuri ba. Na tashi Kawu, na taɓa 'yan Maraɗin da ke bayanmu. Wasu suka nemi izinin ma'aikatan jirgi suka tsaya a ɗan filin da ke baya ɗaya bayan ɗaya, wasu suka yi a zaune. Alƙibla a lokacin ta koma bayanmu, ta ɓangaren hagu. Kafin na ƙarshenmu ya sallame, gefen sama ya yi ja. Wanda ya ce bari ya ɗan ƙara runtsawa, sai dai ya farka ya tarar da rana tsaka. A duk tafiyar babu abin da ya nuna mini girman nisan nan kamar wannan daren da aka gutsure mana, wanda ya gaza na gida da fiye da awa biyu.

Muka shiga Indiya ta wajen Mumbai da hantsi, muka ratsa ta a faɗinta. A nan gajiya take sauka. An yi awa biyar, saura biyar, barci ya ƙi, ƙafa ta yi nauyi, leɓe ya bushe saboda iskar cikin jirgi ba ta da laima. Nan ne na matsa wa Kawu. Duk bayan awa ɗaya ko biyu sai na ce, "Kawu, a ɗan taka." Mu je ƙarshen jirgi mu dawo, ya sha ruwa, ya motsa yatsun ƙafa. Ba don kumburi kaɗai ba. Doguwar zama wuri ɗaya tana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, kuma in gudan jinin ya ɓalle ya tafi huhu, abin yana kisa. Na ga dattawa da yawa a jirgin nan da tun da suka zauna ba su motsa ba, wasu don kunyar tayar da na kusa da su, wasu kuma sun ƙi shan ruwa don kada fitsari ya dame su. Wannan kunya ba ta da amfani a tafiyar awa goma. Duk mai raka babba ya san aikinsa ke nan, ya fi riƙon jaka muhimmanci.

A kan Bangaladash da Myanmar muka shiga 'yar gargada, aka ce kowa ya ɗaura bel. Daga nan sai duwatsun kudancin Chaina, kore shar, da koguna suna lanƙwasa a tsakaninsu. Azahar ta same mu a wajen, muka bar ta sai mun sauka mu haɗa da La'asar.

Uku na rana da 'yan mintuna tayoyin jirgi suka taɓa Baiyun. A Kano takwas na safe ce, ana buɗe shaguna. Chaina duk faɗinta agogo ɗaya take bi, na Beijing, don haka ko ina mutum zai wuce daga nan, bakwai ɗin nan ce tsakaninsa da gida. Fasinja yana ganin ya iso, amma da sauran aiki: doguwar tafiya a ƙafa cikin ginin, cike takarda, ɗaukar hoton yatsu, layin jami'an shige da fice, jiran kaya, kwastan. Filin da aka buɗe a 2004 yana arewa da gari da kusan kilomita 30. Akwai jirgin ƙasa na cikin gari da ke zuwa har can, amma saboda ƙafar Kawu mota muka ɗauka, muka faɗa cunkoson yamma. Ana kiran Magariba a wayoyinmu muka shiga masauki a Xiaobei, unguwar da 'yan Afirka da Larabawa suka fi sauka, inda gidajen abincin halal suke jere. Na duba agogon hannuna: sha ɗaya saura na safe a Kano. Jiya warhaka muna cikin mota a hanyar filin jirgi.

Kwanakin farko jiki bai yarda da agogon garin ba. Da rana tsaka, muna tsakiyar kasuwar yadi ta Zhongda ana ciniki, barci zai rufto, don a gida lokacin ko Asuba ba a yi ba. Da dare kuma ido ya bushe har ƙarfe uku. Kawu ba ya yanke babban ciniki a ranar farko, zagayawa kawai yake yi yana taɓa kaya yana jin farashi. Ya ce mai jin barci ba ya ganin aibin yadi. Ina ganin duk wanda zai je sayayya ya kamata ya sa wannan rana a lissafin tafiyarsa, kada ya ɗauke ta ɓata lokaci. Ranar Juma'a muka yi salla a masallacin Huaisheng, mai tsohuwar hasumiya, ɗaya daga cikin masallatai mafiya daɗewa a ƙasar. A can yamma ake fuskanta, da ɗan karkata arewa.

Dawowa kuma komai ya juye. Hanya ɗaya ce, kilomita ɗaya, amma ta fi tsawo da kusan awa guda. A can sama akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, kuma da hunturu takan sauko har kan arewacin Indiya. Da za mu tafi tana tura mu ta baya, da za mu dawo da ita muke kokawa. Shi ya sa allon yake nuna gudunmu ya ragu alhali injin bai sassauta ba. Muka tashi bayan sha biyun dare, muka yi ta bin duhu yamma. Ranar da ta faɗi mana a Guangzhou wajen shida saura ba mu sake ganin ta ba sai da muka kusa Adis, dare na fiye da awa goma sha bakwai. A wannan karon Asuba ce ta yi ta ja da baya. Mutane suna ta ɗaga marufin taga suna dubawa, har wani bawan Allah ya yi sallarsa tun muna kan Indiya saboda wayarsa, da ke kan agogon Chaina, ta kira salla. Da aka nuna masa waje baƙi ƙirin, ya jira alfijir na gaskiya ya sake.

Jiran Adis na dawowa gajere ne, da hantsi muka hau na Kano, muka sauka ana shirin Azahar. A takarda kamar awa biyu da rabi muka yi, saboda biyun da aka karɓe mana da za mu tafi an mayar mana.

Kayan da muka saya kuwa ba su biyo mu ba. Dilolin suna cikin kwantena a tashar jirgin ruwa, za su ratsa Tekun Indiya, su zagaya ta ƙarshen kudancin Afirka, su hauro Legas, tafiyar da ke haura wata guda, kafin a gama da kwastan a ɗora su a tirela su yi kusan kilomita dubu zuwa Kano. Kawu da lissafin wannan yake sayayya: leshin da yake so ya sayar da Ƙaramar Salla, tun watanni kafin azumi yake zuwa ya zaɓe shi.